Ɗalibata ce ke da gaskiya a darasin gas, ni kuwa na yarfa ta a gaban aji

Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin fiziks ne a wata makarantar sakandare, bana shekarata ta biyu da fara koyarwa. Makonni uku da suka wuce ina koya wa 'yan ajin ƙarshe bambancin gas na zato, wanda ake ɗauka ƙwayoyinsa ba su da jiki kuma ba sa jan juna, da gas na zahiri. Na rubuta musu a allo cewa a gas na zato ne kaɗai matakin zafi ke nuna matsakaicin makamashin motsin ƙwayoyi, a na zahiri kuwa jan juna yana rage musu gudu, don haka a zafi ɗaya makamashinsu bai kai na gas na zato ba. Sai wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu ta ce: “Malam, to idan aka zuba hiliyom da kabon-dayoksaid a tukunya ɗaya suna ta karo da juna, me zai hana mai makamashi da yawa ya riƙa ba wa mai kaɗan har su zo daidai?” Amsa ta ɓace mini. Maimakon in ce ban sani ba, sai na ce ta daina kawo ruɗani, in ta fi ni sani ta zo ta karɓi alli. Aji ya kwashe da dariya. A gwajin da ya biyo baya ta rubuta ra'ayinta, na soke, na rage mata maki biyar. Tun ranar ba ta ƙara ɗaga hannu ba, ta ma koma kujerar baya. Daga baya na bincika na ga kamar ita ce daidai, amma har yanzu ban gane dalilin sosai ba. Na kai maganar wajen shugaban sashenmu, ya ce in bar kaza cikin gashinta, malamin da ya amsa kuskure a gaban yara ya gama yawo, ga shi kuma jarrabawa ta ƙarato. Barci ya ƙaurace mini. Wa ke da gaskiya, kuma yaya zan yi?

Daga wani malami

Wa alaikumus salam, Malam. Na taƙaita wasiƙarka, na kuma cire duk abin da zai sa a gane ka ko makarantarku. Da tambayarka ta farko zan fara, domin muddin darasin bai zauna maka a rai ba, ko ka je gyarawa muryarka za ta yi rawa, yara kuwa sun fi kowa jin rawar murya.

Yarinyar ce ke da gaskiya. A matakin zafi ɗaya, matsakaicin makamashin motsin ƙwaya ɗaya daidai yake a gas na zato da gas na zahiri. Sai dai kada ka ɗauka kai kaɗai ka taɓa faɗawa wannan ramin. Ni da nake ba ka amsa na yi shekaru ina koyar da kusan jimlar da ka rubuta a allo, babu ɗalibin da ya tsayar da ni. Kai ka taki sa'a, an tsayar da kai tun a shekararka ta biyu. Na ma san inda abin yake tasowa. Littattafan sakandare sukan jera sharuɗɗan nazarin motsin ƙwayoyin gas wuri guda: ƙwayoyi ba su da wani girman a zo a gani, ba sa jan juna, karonsu ba ya cin makamashi, sannan matsakaicin makamashin motsinsu yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da matakin zafi na Kelvin. Ka buɗe shafi na gaba, sai a ce maka gas na zahiri ya saɓa wa sharuɗɗan. Mai karatu sai ya yi musu kuɗin goro, ya ɗauka duka suka rushe. Alhali biyun farko ne suka faɗi, na ƙarshen yana nan daram.

Ga abin da ƙa'idar ta ce. Matsakaicin makamashin tafiyar ƙwaya ɗaya, wato zirga-zirgarta daga nan zuwa can, shi ne (3/2)kT. T matakin zafi ne a ma'aunin Kelvin, k kuma lambar Boltzmann ce, 1.380649 × 10⁻²³ jul (ma'aunin makamashi) a kowane kelvin, wadda tun shekarar 2019 aka tsayar da ita cak a kan wannan adadi, har da ita ake ayyana shi kansa kelvin ɗin. Ka ƙura wa lissafin ido. Babu nauyin ƙwaya a ciki, babu sunan gas, babu ƙarfin jan juna. A kelvin 300, kusan digiri 27 a ma'aunin Salsiyos ke nan, ƙwaya ɗaya tana ɗauke da kimanin 6.2 × 10⁻²¹ jul, mol guda kuma, wato ƙwayoyi kusan 6 × 10²³, kimanin jul 3,740, ko hiliyom ne ko kabon-dayoksaid. Abin da ke bambanta shi ne gudu, saboda nauyi ba ɗaya ba: hiliyom mara nauyi yana keta kusan mita 1,370 a daƙiƙa, naitirojin kusan 517, kabon-dayoksaid mai nauyi kusan 412. Tukunyar da ɗalibarka ta zana maka da baki ke nan. Gudu daban-daban, makamashi ɗaya.

To, ga inda hankali ke yin gardama, kuma na tabbata nan ne ka maƙale. Kana cewa a ranka: ai ƙwayar da ke barin maƙwabtanta suna janyo ta baya, dole gudunta ya ragu. Haka ne, idan ƙwaya ɗaya tilo kake bi da ido. Amma matsakaici lissafin taro ne, taron kuwa yana canzawa a kan hanya. Ɗauki jama'a a gindin tudu, kowa ya taso a guje zai hau, wasu kamar iska, wasu da ƙyar suke jan ƙafa. Duk wanda ya hau, hawan yana cin wani abu daga gudunsa. Sai dai masu jan ƙafar ba sa kaiwa sama ko kaɗan, a tsakiyar tudu suke juyowa. Waɗanda za ka tarar a ƙololuwa su ne waɗanda suka taso da gudun da ya fi na kowa, hawa ya rage musu kaɗan. Hawan ya rage, tacewar ta ƙara. Abin mamaki game da rabon gudun da James Clerk Maxwell ya fitar a 1860 shi ne waɗannan biyun suna cinye juna daidai wa daida. A saman tudu jama'a sun ragu, amma matsakaicin makamashinsu bai motsa ba. Jan juna yana canza inda ƙwayoyi suka fi taruwa, ba ya taɓa yadda gudu ya rabu a tsakaninsu.

Tunda kai malami ne, ga shi a harshen lissafi, layi biyu ne kacal. Yiwuwar a sami ƙwayoyi a wani hali tana tafiya da e^(−E/kT). Makamashin E kashi biyu ne, na motsi wanda ya dogara da gudu kaɗai, da na jan juna wanda ya dogara da tazarar da ke tsakanin ƙwayoyi kaɗai. Da yake jimlar tana saman e, sai ta rabu gida biyu ana ninka su, gidan gudu daban, gidan tazara daban. Kome ka zuba a gidan tazara, gidan gudu yana nan yadda Maxwell ya bar shi. Hujjar da yarinyar ta kawo ba ta kai wannan cika ba, amma hancinta ya shaƙo gaskiyar, kuma ga 'yar sakandare wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Idan kana jin kunyar ka yi tuntuɓe a nan, ka san cewa manya ma sun yi. A 1876 Josef Loschmidt, babban masani a Biyana, abokin Ludwig Boltzmann wanda ya girme shi a shekaru, ya dage cewa doguwar iskar da aka bari ta natsu dole samanta ya fi ƙasanta sanyi, tunda ƙwayoyi na rasa gudu wajen hawa. Irin tunaninka ne sak. Maxwell da Boltzmann suka tsaya a kan cewa zafin ɗaya ne daga ƙasa har sama, kuma su ne suka yi daidai. Kada sanyin kan duwatsu ya ruɗe ka, iskar duniya ba ta taɓa natsuwa ba, rana na dafa ta daga ƙasa tana ta juyawa.

Za ka ce to me ya sa matsin gas na zahiri yakan gaza na lissafi, in ba don ƙwayoyin sun rage gudu ba? Tudun nan ne dai. Ƙwayar da ta nufi bangon tukunya tana da maƙwabta a bayanta suna janta, babu kowa a gabanta. Masu sanyin gudu sai su juya kafin su isa, bango ya samu baƙi kaɗan, bugu ya ragu, matsi ya sauka. Johannes van der Waals ya sa wannan a lissafi cikin kundin digirinsa a Leiden ta ƙasar Holan a 1873, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1910. Ya gyara lissafin gas na zato, PV = nRT, inda P ke nufin matsi, V kuma girman wurin da gas ya cika, a wuri biyu, harafin a na jan juna, harafin b na wurin da jikin ƙwayoyin ya cinye. Gwada da hannunka: mol guda na kabon-dayoksaid a lita ɗaya, a kelvin 300. Lissafin gas na zato zai ba ka kusan ba 24.9 na matsi (ba, wato bar, ma'aunin matsi ne). Da a = 3.64 da b = 0.0427, girman ƙwayoyi zai ɗaga shi zuwa kusan 26.1, jan juna ya zabge 3.64, a tashi da kusan 22.4. Ka lura an taɓa P, an taɓa V, amma T yana zaune inda yake, babu wanda ya sa masa hannu.

Yanzu bari in ba ka haƙƙinka, domin ba duk maganarka ce ta zube ba. Akwai gaskiyar da kake lalube, jimlar ce ta kuɓuce maka. A gas na zato aljihu ɗaya ne, duk makamashin da ke ciki na motsi ne, saboda haka in ka san matakin zafi ka san duk dukiyar. A gas na zahiri aljihu biyu ne, na motsi da na jan juna, ma'aunin zafi kuwa na farkon kaɗai yake leƙawa. Abin da ya rushe shi ne cewa matakin zafi yana faɗa maka jimillar makamashin cikin gas. Wannan ne bambancin da ya kamata ya hau allo ranar.

Kuma a nan ne darasin ya fi daɗi. Ɗauki wannan mol na kabon-dayoksaid a litarsa ɗaya, ka buɗe masa hanya zuwa wata lita da babu kome a cikinta, ba zafin da ke shiga, ba wanda ke fita. Gas na zato zai bazu matakin zafinsa bai gusa ba. Na zahiri kuwa, ƙwayoyinsa sun yi nesa da juna, raba masu jan juna kuma sai an biya. A lissafin van der Waals kuɗin ya kai kimanin jul 182, babu kuma inda za a ciro shi sai aljihun motsi. Tunda mol na wannan gas yana buƙatar kusan jul 28 kafin ya hau digiri ɗaya a rufaffen mazubi, zafinsa zai sauka da kusan digiri 6. Ka ga a nan jan juna ya rage wa ƙwayoyi gudu da gaske, yadda ka ce. Amma dubi ma'aunin zafi, shi ma ya sauka tare da su. Ba su rabu ba ko a nan. Kuskurenka ɗaya ne, ka ce gudun ya ragu alhali zafin yana inda yake.

James Joule ya gwada irin wannan a 1845 da tukwane biyu a cikin ruwa, bai ga wani canji ba, saboda ruwan ya yi yawan da zai haɗiye ɗan sanyin da aka samu. Daga 1852 shi da William Thomson, wanda daga baya ya zama Lord Kelvin, suka koma tura gas ta cikin toshiya mai ƙananan ƙofofi, sai sanyin ya bayyana: iska na sauka da kusan kwatan digiri a kowane ba ɗaya da matsi ya ragu, kabon-dayoksaid kuwa fiye da digiri ɗaya. Haidirojin da hiliyom su kuma ɗumi suke yi a zafin ɗaki, sai an fara sanyaya su sosai kafin su bi sahu, haidirojin zuwa ƙasa da kusan kelvin 200. Da wannan ɗan sanyin, ana maimaita shi ana tarawa, Carl von Linde ya mayar da iska ruwa a 1895, Heike Kamerlingh Onnes kuma ya yi wa hiliyom haka a Leiden a 1908, a wajen kelvin 4. Da gas na zato ne ke cikin bututunsu, da har yau suna nan suna jira.

Akwai ƙananan togaciya biyu da nake so ka riƙe, don kada gobe wani yaron ya sake kama ka. Ta farko, (3/2)kT na tafiya ne kaɗai. Ƙwayar naitirojin tana kuma juyawa kamar katantanwa, juyin ma yana cin nasa rabon, shi ya sa mol na naitirojin ke buƙatar kusan jul 20.8 don hawa digiri ɗaya, hiliyom kuwa 12.5 ya ishe shi. Ta biyu, ƙa'idar tana da iyaka, amma iyakar ba a jan juna take ba. Tana can wajen tsananin sanyi da ƙwayoyi marasa nauyi, inda dokokin kwantom, masu mulkin halayyar ƙananan ƙwayoyi, ke karɓar ragama. Hiliyom da ya zama ruwa yana riƙe da makamashin motsin da ya zarce abin da (3/2)kT ke faɗa nesa ba kusa ba, haka ma ilektiron da ke yawo cikin jan ƙarfe ko a zafin ɗaki. Wannan ba na ajin gaba ɗaya ba ne. Ajiye shi, akwai wadda za ka ba.

Mu dawo kan mutane, domin a ganina kuskuren fiziks ɗin shi ne ƙarami a cikin biyun. Kuskure a allo kowa na yi. Abin da ya yi ciwo shi ne “zo ki karɓi alli.” Ka ce yarinyar ba ta cika magana ba. Ka yi tunanin sau nawa ta juya tambayar nan a ranta kafin hannunta ya yarda ya tashi. Ta ba ka abu mafi tsada da ɗalibi ke iya ba malami, tunanin da ta yi da kanta, aka biya ta da dariyar aji da ragin maki biyar. Kuma ka lura, duk da haka a gwaji ta sake rubuta abin da ta gamsu da shi. Wannan ba taurin kai ba ne, irin zuciyar da kimiyya ke nema ke nan. Komawarta kujerar baya saƙo ne, tana faɗa maka ta ɗauki darasin da ka koya mata ranar, cewa tambaya na jawo wulaƙanci. Sauran 'yan ajin ma sun ɗauka, har waɗanda suka yi dariyar.

Labarinta ya tuna mini da John James Waterston, wani ɗan Sikotilan da ke koyarwa a Bombay ta Indiya. A 1845 ya aika wa babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Landan takarda, a ciki har da cewa in aka gauraya gas biyu, ƙwayoyin masu nauyi da marasa nauyi suna tashi da matsakaicin makamashin motsi ɗaya. Kusan tambayar ɗalibarka ce. Masu dubawa suka yi watsi da ita, aka jefa ta ma'ajiya. Sai da Lord Rayleigh ya tono ta aka buga a 1892, shekara tara bayan rasuwar mai ita. Shi Waterston gyaran bai same shi da rai ba. Taka ɗalibar tana nan a kujerar baya, makonni uku kacal suka wuce.

Shugaban sashenku kuwa, kada ka ɗauke shi mugu. Yana kare abu biyu ne masu muhimmanci, kwarjininka a matsayin sabon malami da natsuwar yara gab da jarrabawa. Wataƙila ya taɓa ganin ajin da ya raina malami har ya gagara, tsoronsa ba na banza ba ne. Inda na saɓa da shi shi ne lissafin ribar. Yaran nan suna da littattafai, da yawansu suna leƙa intanet, ita kanta yarinyar ta riga ta sani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zaɓin da ke gabanka shi ne ko su ji daga bakinka, ko su gano da kansu su kuma gano ka sani ka yi shiru. Na biyun ne ke kashe kwarjini. Batun jarrabawa ma yana bayanka, domin jimlar da ke cikin littattafan rubutunsu yanzu ita ce mai iya kayar da su. Abin da aka saba tambaya shi ne dalilan saɓawar gas na zahiri, wato jan juna da girman ƙwayoyi, da lokacin da saɓawar ta fi tsanani, wato a matsi mai yawa da zafi kaɗan. Gyaranka bai taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba.

Ga yadda nake ganin za ka bi. Ka fara komawa wajen shugaban sashen, kada ya ji labari a bakin yara. Ka je masa da takardar lissafin nan a hannu, a matsayin mai neman ya duba maka, ka ce ka ga jimlar da ka ba yara za ta iya cutar da su, kana so ka gyara cikin minti goma, za ka kuma mayar da makin da ka rage bisa kuskure. Ba izinin faɗin gaskiya kake nema ba, girmansa kake ba shi. Mai yiwuwa ne ya ce ka yi yadda ka gani. In ya ƙi, abin da kake rubutawa a allonka amanarka ce, ka gyara cikin ladabi ba tare da ka ambaci sunansa ko shawararsa ga kowa ba.

Sannan ka kira yarinyar ofishin malamai, inda akwai mutane, kafin ka yi magana a aji. Kada ka yi doguwar shimfiɗa. Ka ce mata tambayarta daidai ce, amsarta a gwaji daidai ce, maganar da ka faɗa mata ba ta dace ba, ka ba ta haƙuri. Ka miƙa mata takardarta da maki biyar ɗin a rubuce da biro ɗinka. Ka duba sauran takardun ma, ko akwai wanda ka soke wa irin amsar. Daga nan ka tambaye ta ko ta yarda ka ambaci sunanta a aji. Wannan tambayar tana da nauyi, domin mai kunya irinta, a sake juyo da idon aji kanta ba shiri, ko da yabo ne, yana iya zame mata wata azabar. Kada kuma ka sa ran za ta washe baki nan take. Tana iya cewa “to, Malam” ta fita. Ba ka bin ta murmushi, ita ke bin ka haƙuri.

A aji, ka shiga da ruwa a ɗan mazubi, da abin dafawa, da ma'aunin zafi. Su ga ruwan na tafasa, wuta na ci, ma'aunin ya tsaya cak a wajen digiri 100 ya ƙi gaba. Ka tambaye su ina makamashin yake tafiya. Kowane giram na ruwa yana shanye kusan jul 2,260 kafin ya zama tururi, mafi yawansa kuma wajen ɓamɓare ƙwayoyi daga juna yake ƙarewa. Ruwan da tururin da ke kansa zafinsu ɗaya, don haka matsakaicin makamashin tafiyar ƙwayoyinsu ɗaya ne, duk da cewa a ruwa jan junan ya fi na kowane gas. In ƙa'idar ta tsira a cikin ruwa, me gas zai yi mata? Daga nan sai ka ce su buɗe shafin ranar, su ja layi a kan tsohuwar jimla, su rubuta: a matakin zafi ɗaya, matsakaicin makamashin tafiyar ƙwayoyi ɗaya ne a kowane gas, gas na zahiri yana da ƙarin makamashin jan juna wanda ma'aunin zafi ba ya nunawa. Sai ka faɗa a fili cewa kai ne ka yi kuskure, tambayar da aka yi wa dariya ita ce daidai, kuma bai kamata ka amsa ta yadda ka amsa ba. Jimla uku sun isa. Kada ka tsaya dukan ƙirji, ka wuce kai tsaye zuwa lissafin 24.9 da 22.4 su yi a matsayin aikin aji. Tunda a gaban aji aka zubar mata da mutunci, a gaban aji ya kamata a kwashe.

Wani ɗan gargaɗi a gefe: kada ka ɗauko famfon keke da ke ɗumi ko iskar taya da ke fita da sanyi a matsayin shaidar jan juna. Ɗumin famfo aikin hannunka ne da ya shiga gas ɗin, ko gas na zato ma zai yi hakan, yaro mai kaifi kuma zai iya kama ka a nan.

Idan ka auna ka ga ba za ka iya tsayawa gaban aji ka ce “na yi kuskure” a wannan makon ba, akwai hanya mai sauƙi. Ka rubuta tambayar tukunyar hiliyom da kabon-dayoksaid a allo a matsayin muhawarar aji, ka bar su su fafata, ka kai su ga amsar, a gyara rubutu. Wannan zai gyara fiziks ɗin. Amma ina gaya maka gaskiya, rabin magani ne, domin duk ajin sun san mai tambayar, za su kuma lura ka ci tuwonta ba ka ambaci mai girki ba. In ka bi ta nan, haƙurin ofis da mayar da maki ba sa cikin abin da za a tsallake.

Abin da na ce ka ajiye, na hiliyom mai ruwa da ilektiron cikin jan ƙarfe, ita za ka ba. Bayan kwana biyu, in ƙura ta lafa, ka rubuta mata a 'yar takarda: ƙa'idar da kika kare tana da inda take karyewa, amma ba a jan juna ba, nemo mini inda ne. Ka ba ta mako guda, ka kuma bar kujerarta ta gaba a buɗe, kada ka ce ta dawo. In ta zo da amsa, ko da ta ɓata, ka zauna ka saurara har ta kai aya.